Kyanwar da ke Gadin Littattafan Malam

Har gobe ban manta da ranar da na ƙi shiga mota a Kebbe ba. Lokacin ba a daɗe da ƙirƙiro Jihar Sakkwato ba, kuɗin mai ya kawo mana sabuwar Landiroba da akwatunan magani. Ni ƙaramin malamin dabbobi ne a Tambuwal, mun je rangadin rigakafin shanu tare da shugabana.

Mun gama ke nan sai ga wani dattijon malami da kyanwa naɗe cikin tsohon rawani. Ita ke tsare masa littattafan kakanninsa, rubutun hannu, daga ɓera. Ta rame, zawo ya ƙi tsayawa.

Shugabana ya yi dariya. "Shanu munka zo ma, Malam. A jefa ta rami, a samo wata."

Na ce, "Ranka shi daɗe, dabba ce, kuma dabbobi anka rubuta ga ƙofar ofishinmu."

"In ba ka shigo mota ba, ka iske takardar tuhuma bisa teburinka."

Na sauke jakata. Suka tafi.

Kafin nan na taɓa aiki a Sudan, na zauna Masar, na ga likitoci masu furfura suna duba kyanwa ba wanda ya yi musu dariya. Na ja fatar wuyan kyanwar Malam, ta tsaya ba ta koma ba: ruwan jikinta ya ƙare. Dasashinta fari, bakin duk gyambo. Irin wannan garkuwar jikinta ce ta karye, abin da lafiyayya za ta shanye ita sai ya kayar da ita.

Na tambayi abin da take ci.

"Nono, ɗana. Kullum Fulani na kawo min sadaka, ita nika fara zuba ma. Da ta kwanta na ƙara mata."

"Allah gafarta Malam, alherin nan shi ka ƙarasa ta."

Ya dubi ƙwaryar nonon.

Na hana nonon. Na dafa ruwa, na sa ɗan gishiri da sukari, ina ɗiga mata da sirinji. Na auna ta a sikelin mai goro kafin in ba ta maganin tsutsa, don abin da ake ba akuya kashe ta zai yi. Sai dafaffen kifi, kaɗan kaɗan. Na faɗa masa gaskiya: ba warkewa za ta yi ba, lallaɓawa ce, kuma a raba ta da sauran kyanwoyi. Kwana na uku zawon ya tsaya, na hau motar kasuwa na koma.

Takardar tana jirana. Na amsa da layi ɗaya: ina bakin aiki a Kebbe. Ƙarin girmana ya yi jinkirin shekara guda. Kyanwar ta ƙara damina biyu, ɓera bai taɓa shafi ɗaya ba.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku fara tambayar abin da ake ba dabba kafin ku buɗe jaka. Sau da yawa mai ƙaunarta ne ke cutar da ita bai sani ba. Shekarar ƙarin girman da na rasa kuwa, ko yau aka ce in sake bayar da ita, sai in sauke jakata.