Yatsan Taubashina

Shekara tara hannun taubashina na dama yana kan kafaɗata ta hagu. Har rigunana sun shaida, don duk wadda ka ɗauko za ka ga wurin ya fi sauran jikinta koɗewa. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, saboda haka tun muna yawo ba wando a Unguwar Rogo yake kirana Bawa, ni kuma ina ce masa ai bawa shi ne mai bin wani a baya. Tela ne, mai hannu ƙwarai, kafin ciwon suga ya cinye masa ido. Ni kuwa malamin firamare ne da ya ajiye alli. Matata ta rasu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa, gida ya rage daga ni sai rediyo. In na ce don Allah kawai nake yi masa jagora, na yi ƙarya. Ba ni da wurin zuwa in ba wurinsa ba.

Ni ke kai shi masallaci, ni ke kai shi asibiti, ranar da ya ji marmarin hayaniya mu taka har Ƙofar Atiku ya zauna cikin tsofaffin abokan sana'arsa yana sauraren ƙarar kekunan ɗinki. Kuma makanta ba ta sa na ɗaga masa ƙafa ba, shi ma da na ɗaga da ya ji haushi. Muna cikin tafiya a shimfiɗaɗɗiyar hanya sai in ce, "Rami gabanka, tsallaka." Ya tattare riga ya yi tsalle a banza, mutane su yi ta dariya, ya kai mini duka da sanda yana cewa Allah ya isa tsakaninsa da bawan da bai san darajar ubangijinsa ba. Gobe in sake, ya sake tsallakawa. Na taɓa tambayarsa me ya sa bai daina yarda ba. Ya ce, "In na ƙi, ranar da ramin gaskiya yaz zo fa?"

Jam'iyyar da ke mulki a lokacin tamu ce mu biyu, amma shi ta fi shiga jininsa. Tutocinta na farko da aka kafa a unguwarmu a kan kekensa aka ɗinka su, bai karɓi ko sisi ba. Ni ma na yi mata wahala daidai gwargwado. Na sha rana a layi, na yi faɗa da surukina a kanta har muka yi wata biyu ba ma gaisawa.

Ba rana ɗaya ta fita raina ba. Famfon bakin layinmu ya ƙafe har awaki suka mai da gindinsa wurin kwana. Gero ya zama abin da ake tambayar farashinsa a wuce. Duk wannan na haɗiye, ina cewa gobe da sauƙi. Abin da ya tsaya mini a wuya rasuwar ƙanwata ce. Tana aure a wani ƙauye gabas da birni, tafiyar da a da nake yi in dawo kafin la'asar. Da aka bugo waya da safe aka ce ta cika, na sa takalmi na nufi tasha, direbobi suka ce ko nawa zan ba su ba mai bin hanyar nan a makon nan, an tare ta jiya, an tare ta shekaranjiya. Na zauna a kan benci a tasha, ni da 'yar jakata, har aka sake bugowa aka ce an kai ta. Autarmu ce, ni na goya ta. Ban ga fuskarta ba, ban zuba mata ƙasa ba.

A ƙofar gidana aka yi zaman makoki. Rana ta uku wani jigon jam'iyya ya zo da motoci, ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa. Da zai tashi sai ya sunkuyo kusa da kunnena ya ce, "Malam, sai haƙuri. Kuma dai kak ku manta da mu ran zaɓe, Assabar ta sama." Wallahi da ba a gaban mutane ba ne da na tofa masa yawu. Na dai ce masa ya gaida gida.

Daga ranar bakina ya buɗe. Duk inda aka zauna sai na zage gwamnati tas. Taubashina yana ji, yana murmushi. Ya ce da tsohuwar zuma ake magani. Ya ce kada garin gudun gara in faɗa gidan zago, waɗancan da nake gani 'yan adawa ai jiya-jiya suka cire hularmu suka sa wata. Nan kam ya fi ni gaskiya, don ɗan takararsu na san shi tun yana tsaye a kan motarmu yana rantsuwa da mu zai mutu. Duk kanwar ja ce. Amma rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki, kuma ni ba son su nake ba, so nake namu su ji cewa wani ya ji zafi.

"Yi ta haushinka, Bawa," in ji shi. "Bakinka na 'yan adawa na, amma yatsanka namu na."



Ranar zaɓe na je na ɗauko shi da hantsi. Ya sa farar riga da hular da ya ɗinka wa kansa tun yana gani. Rumfar zaɓenmu a harabar makarantar da na koyar take, ƙarƙashin bishiyar dogon yaro. Aka tantance katinsa, malamar zaɓe ta tambaye shi wa yake so ya taimaka masa, kamar yadda ake yi wa marasa gani. Ya ce, "Ga bawana nan, aikinshi na." Layi ya ɗauki dariya.

Muka shiga bayan ɗan shingen nan mu biyu. Na shimfiɗa takardun, na kama babban yatsansa na dama, na danna a tawada. Yatsan tela ne, gefensa duk kanta, allura ta sha cinsa. Ya sake mini shi gaba ɗaya, ba ƙarfi ko kaɗan a ciki, kamar hannun jinjiri.

Zan faɗi gaskiya, Shaiɗan ya zo mini a wurin. Tsakanin alamar jam'iyyarsa da ta waɗancan bai fi faɗin yatsu uku ba. Ba mai gani, shi ma ba ya gani. Na tuna bencin tasha. Zuciyata ta ce ai ƙanwata ma taubashiyarsa ce, shi ma ya yi kukanta, taimakonsa za ka yi. Na tsaya da yatsan a sama har ya ce, "Mi an na? Boko ya ɓace maka?"

Na kai yatsan kan jam'iyyarsa na dangwala. Takarda ta biyu haka, ta uku haka. Na naɗe, na kai hannunsa bakin akwatuna ya jefa da kansa.

Sannan na zaunar da shi a inuwa na koma na yi nawa. Ban ji daɗi ba ko kaɗan. Na dubi alamar da na bi tun ina da baƙin gashi, na tsallake ta, na dangwala wa mutanen da ban yarda da su ba. Na fito jikina a sanyaye kamar wanda ya sayar da gonar gado.

A hanyar gida hannunsa na kafaɗata, yana ta raha. Ya ce, "To, biyu sun shiga ke nan."

Da na yi shiru da yanzu ba na wannan rubutu. Amma ni mutum ne da magana ba ta kwana a cikinsa. Na ce, "Ɗaya dai."

Muka ƙara taku kamar goma. Na ji yatsunsa sun ɗan matse mini kafaɗa.

"Waɗancan kab ba?"

"Su na ba."

Sannan a hankali, ba da muryar wasa ba, ya ce, "To ni ina kas sa mani nawa?"

A nan na yi wautar da ta fi kowace wauta a rayuwata. Na ga fuskarsa ta canza, na tsorata, na so in mai da abin wasa yadda muka saba mai da komai. Na yi dariya na ce, "Ina kuwa? Ai bawa irinka abin da ubangidansa ya zaɓa shi yake zaɓa."

Hannun ya tashi daga kafaɗata. Shekara tara ban taɓa jin wurin ya yi sanyi haka ba. Ya tsaya a tsakiyar hanya, babura suna kauce masa, ya ɗaga yatsan nan mai tawada kusa da fuskarsa kamar zai iya ganinsa.

Na ce wasa nake. Na ce wallahi tallahi jam'iyyarsa na sa masa, duka ukun. Na ce a kawo Alƙur'ani in dafa. Da na ga bai motsa ba sai zuciya ta ɗebe ni, na hau faɗa, na ce ashe duk wahalar da nake yi da shi kallon maci amana yake mini. Ya bari har na gaji.

"Na ji," in ji shi. "Shekara sittin kana yi mani ƙarya ina dariya. Yau ta ƙaƙa zan gane wadda ba ƙarya ba?"

Ya mai do hannun, don ba shi da yadda zai kai gida sai da ni. Amma da bakin yatsu ya riƙe rigata, bai dafa ni ba.

Da yamma aka ƙirga akwatinmu a bainar jama'a, jam'iyyarsa ta ci da rata mai yawa. Na tsaya har aka gama ina kallon takardun da ake ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, wai ko zan gane tasa. Yatsa duk yatsa ne a kan takarda. Ba mai shaida a duniyar nan da zan kira, shingen da aka yi don ya rufa wa mai zaɓe asiri shi ya rufe gaskiyata.

Bayan 'yan makonni aka yi zaɓen gwamna. Na yi sammako na je ƙofar gidansa na yi sallama. Matarsa ta amsa daga bayan ƙyaure ta ce ai sun fita, babbar 'yarsa ta zo daga unguwar Gidan Dare ta tafi da shi. Na same su a layi. Na matsa kusa na ce, "Wa ya saki bawana ba izinina?" Na jira sanda, na jira zagi.

Ya juyo inda muryata take ya ce, "Ina kwana, Malam. Ya iyali?"

Ya fi kowa sanin ba ni da iyalin da za a tambaya. Na ce lafiya lau. Na koma ƙarshen layi, na yi zaɓena, na sake ba waɗancan, don ban ga abin da ya canza ba. Ban yi nadamar ƙuri'ata ba har yau, ko da yake famfo bai kawo ruwa ba, kuma har yanzu ban ga kabarin ƙanwata ba. Dariyar nan ce nake nadama.

Ba mu yi faɗa ba, kada wani ya ce mun yi. Dangi sun sa baki, ya ce shi ba abin da ke ransa. In na yi ciwo yana aikowa a duba ni, da salla matarsa tana aiko mini da tuwo. Sai dai ya koyi bin bango da sanda zuwa masallaci shi kaɗai, kuma Malam yake ce mini, da ladabi, kamar wani baƙon da ya zo daga Kano. Yau a duk Sakkwato ba mai zagina, kuma ban san haka kaɗaici yake ba sai da ya same ni.

Nakan bi shi a baya in za shi masallaci, taku uku tsakaninmu. Ya san ƙarar takalmina, bai taɓa cewa in daina ba. Da daminar bana ruwa ya zaftare bakin kwata a kan hanyarsa, ya bar wawakeken rami. Na hango shi ya nufi wurin kai tsaye.

Na ce, "Rami gabanka."

Ya tsaya cak. Bai tattare riga ba. Ya miƙa sanda a hankali yana lalube, har bakinta ya faɗa cikin ramin, ya zagaya gefensa ya auna faɗinsa. Sannan ya kewaye ta hannun dama.

"Na gode, Malam," in ji shi, ya ci gaba da bin bangonsa.