Zoben da Yatsa Ya Cinye

Mijin yayata, wanda duk direbobin hanyarmu ke kira Mai Ja, ya shekara talatin da ɗaya yana fitar da motocin mutane daga laka. A duk tsawon wannan lokaci bai taɓa iya fitar da kansa daga kan tabarma ba idan Yaya ta ce a zo a gyara gado. Ni ƙanin matarsa ne, don haka ina da lasisin faɗin wannan. Shi kuma ya rama da sa mini suna Rediyo.

Rumfarsa tana bakin mashigin rafi, inda kwalta ta ƙare, gada kuma ba ta zo ba tukuna. Da rani rafin yashi ne zalla. Da damina yakan kwanta lumui kamar mai barci, hazo na tashi a kansa da safe, har mutum ya ga kamar motocin da ke ƙetarewa a kan gajimare suke tafiya. Nan Mai Ja yake zama da tsohuwar jif ɗinsa mai injin ja a goshi, da igiyar ƙarfe a naɗe, da bel mai faɗi na ɗaurawa a bishiya, da fuli, ɗan wilin nan da ake zagaya igiya a kansa don ƙara ƙarfin ja, da wani bargo da ko akuya ba za ta yarda ta kwanta a kai ba. Bargon nan yake shimfiɗawa a kan igiya kafin ya ja, don in ta tsinke ta faɗi ƙasa, kada ta tashi ta yanke wa wani ƙafa.

Amma abin da ya fi ji da shi zobba ne, ƙarafan nan masu lanƙwasa kamar kofaton doki, da ake rufe bakinsu da kusa mai zare, a haɗa igiya da mota. Kowane zoben kirki akwai lamba a jikinsa, mai faɗin tan nawa zai ɗauka. Mai Ja ba ya taɓa wanda ba shi da ita. Na taɓa kawo masa guda daga kasuwa, sai sheƙi yake yi, ya juya shi ya ce wannan saurayi ne mai turare ba sana'a. Yakan ce motar da ta nutse har ciki ta ninka nauyinta, laka kuma ba ta sakin abin da ta kama da daɗin rai. Duk zoben da ya lanƙwashe ko lambarsa ta goge, sai ya rataye shi a reshen bishiyar da ke kan rumfa. Idan iska ta kaɗa sai su riƙa kiran juna a hankali, kamar tsofaffi na hira a nesa.

Da idonsa ya fara rauni, sai ya koma karatu da babban yatsa. Kafin kowane ja zai shafa lambar, ya motsa leɓe, sannan ya ɗaura. Akwai zobe guda da ya gada daga ubangidan da ya koya masa aiki, mai tan takwas da rabi. Wannan ko ba aiki yana aljihunsa, yana murza shi yana kallon ruwa. Yaya takan ce da ita ake shafawa haka da ta fi kowa kyau a unguwa.

Abin alfaharinsa guda ne: mota ba ta taɓa kwana a rafin nan ba tun da ya kama aiki. Direbobi har rantsuwa suke yi da hakan.

Ranar da abin ya faru, motata ce ta maƙale. Da la'asar ne, na taho da a-kori-kura cike da bulo, na ga rafi a kwance, na ce ai ni ɗan gida ne. Tsakiya na kai ta zauna kamar amaryar da aka kai ɗaki. Can gabas hadari ya riga ya zubar, kuma duk wanda ya san wurin ya san ruwan yana tafe, cikin awa guda ko ƙasa da haka.

Mai Ja ya iso da tsumma ɗaure a babban yatsansa na dama, wai ƙarfe ya yanke shi da safe. Muka sauke bulo, muka haƙa, ya ɗaura zobe guda a gindin motar, ya ja. Injin ya yi nishi, mota ko gezau. Ya ce sai an ninka igiya ta cikin fuli, fulin kuma sai an haɗa shi da zobe na biyu. Sauran zobbansa suna wajen wani mai tirela da ya ara tun jiya. Ya sa hannu a aljihu ya ciro na ubangidansa.

Da yake na dama a ɗaure yake, sai ya shafa da yatsan hagu. Ya sake shafawa. Ya wanke zoben a ruwa, ya kuma shafawa. Sannan ya miƙo mini ya ce, “Rediyo, karanta mini.”

Na duba. Sumul, kamar bayan cokali. Shekara da shekaru na murza da yashi da gumi sun cinye lambar, yatsan dama kuwa ya daɗe yana karanto ta daga ka. Na dubi motata, na dubi ruwan da ya fara taɓa ƙofa.

“Takwas da rabi,” na ce.

Ya kalle ni da idanun nan nasa masu hazo. “Tun kana yawo ba wando na san ka,” in ji shi, “ba ka taɓa ba ni amsa ba tare da iya shege ba sai yau.”

Na roƙe shi. Na ce ƙarfen ai shi ne na jiya, lamba ce kawai ta tafi. Ya ce in har lamba ta iya tafiya, to bai san me kuma ya bi ta ba, ya nuna mini yadda kusar ta rame a tsakiya. Na ce to a maƙala a ƙwallon ƙarfen da ke bayan motar. Ya ce wannan in ya fizge, harsashi ne, kuma ba shi zai je ya gaya wa Yaya an rasa Rediyo ba, ko da yake gidan zai samu sauƙi. Na tuna masa sunan da ya yi, shekara talatin da ɗaya mota ba ta kwana a rafi ba. Ya ce ya fi ni sanin lissafin.

Ya kwance kayansa ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe igiya, ya ninke bargo. Muka hau tudu muka zauna. Ruwan ya zo ba hayaniya, ja-ja, ɗauke da ganye da karan gona, ya lulluɓe tayoyi, ya shiga ta taga. Rufin motar kaɗai ya rage, wani farin tsuntsu ya sauka a kai yana gyara fiffike, kamar an gina masa. Ban san me ya sa ba, sai na ji barci yana ɗibana.

Kwana biyu motar ta yi a ciki. Da mai tirela ya dawo da zobba, cikin minti goma aka fito da ita, da kifi guda a ƙarƙashin kujera. Har yau tana tari in an tashe ta, kuma in damina ta kusa sai ta riƙa warin rafi. Direbobi sun daina rantsuwar nan. Wasu ma sukan tsokane shi, su ce ashe otal ya buɗe a rafi, ya ce ƙwarai, kuma surukai kawai yake sauka.

Zoben ubangidansa yana can a reshe mafi tsawo, muryarsa ta fi ta sauran kauri. Yanzu da yatsa biyu yake karatu, dama da hagu, in sun saɓa ya kira mai ido. Ni dai bai sake ba ni in karanta ba. Amma hannunsa bai daina shiga aljihu ba, ya lalubo, ya fito wayam. Jiya na ga Yaya ta saka masa wani dutsen rafi mai santsi a ciki.