Taki Goma Sha Biyu

Da sunan Allah nake farawa. Abokan sana'ata magina sun dame ni da tambayar yadda na baro Jidda, na ga gara in rubuta sau ɗaya da in yi ta maimaitawa a zaure har muryata ta dushe.

Talata: daga Kano zuwa Madain Fahd

Na bar gida ƙarfe huɗu da rabi na asuba, na yi salla a masallacin filin jirgi. Wajen binciken kaya wani ma'aikaci ya buɗe jakata, ya tarar da kuka da daddawa sun cinye rabinta.

"Baba, duk kai kaɗai?"

Na ce, "Na ƙanena ne. Shekara arba'in da ɗaya yana ƙasar Larabawa, har yau bai yarda miyarsu miya ce ba." Ya yi dariya ya rufe.

Jirgi ya tashi ƙarfe tara, muka yi awa huɗu da minti arba'in a sama. Da muka sauka aka ce kowa ya tura agogonsa gaba da awa biyu. Ƙanen nawa, Alhaji Sale, yana jira a bakin ƙofa tare da jikarsa Abrar, wadda ta karanci zanen gine-gine a jami'a. A Jidda aka haife ta, Hausarta kuwa tana tafiya ne da sandar Larabci.

"Sannu da zuwa, Sidi. Yalla, sayyara tana can," in ji ta. Sidi shi ne kaka a bakinsu. Ita ta ja motar, kimanin kilomita talatin da biyar zuwa unguwarsu, Madain Fahd, ni kuwa na riƙe kujera da hannu biyu ina salati. Ranar Laraba na tafi Makka na yi Umra, Allah Ya karɓa, na komo da daddare.

Alhamis: Bab Makka

Ƙarfe bakwai muka karya da ful da tamis, wato wake da burodi mai faɗi, sa'an nan Abrar ta kai ni tsohon garin Jidda ta ƙofar da ake kira Bab Makka, tafiyar minti ashirin. Na ratsa masu yadi da masu dabino ban tsaya ba, domin gidajen da nake jin labari su suka kawo ni. Gini ne na dutsen teku, hawa huɗu har biyar, an jera katako a cikin bango bayan kowane 'yan sahu domin ya raba nauyi. Na shafa, na yi wa maginansu addu'a. Shekara hamsin da biyu ina ɗaurin guga da bakan gizo a rufin soraye, na san hannun gwani in na gan shi.

A nan na lura yarinya ba ta da walwala. Muka zauna shan shayi da na'ana'a, ta faɗa mini damuwarta. Tana cikin wasu matasa masu zanen gini da ke tattara shaidar Falasɗinawan da aka kora daga ƙauyukansu. Tsoho zai faɗi yadda gidansu yake, su zana, sa'an nan su ɗora zanen a kan tsohon hoton da aka ɗauka daga jirgin sama kafin a rushe ƙauyen. In ya hau daidai, an sami shaida biyu, ta baki da ta hoto, a kan cewa mutane sun zauna a wurin da yau aka dasa itatuwa ana cewa daji ne tun asali.

Tsohon da ya faɗo hannunta, sunansa Abu Samir, kafinta ne, abokin Alhaji Sale. Wata huɗu tana aiki da shi, amma gidan da ya kwatanta ya fi kowane gida da ke cikin hoton girma.

"Sidi, mushkila ce," ta ce. "Ranar Asabar zan gaya masa ba za mu sa nasa ba. 'Ya'yansa ma sun fara cewa tsufa ne ke ruɗa shi. Wallahi ban san da wane baki zan faɗa ba."

Na ce a tafi da ni, ko ba komai in ga aikin katako.

Asabar: Khumra

Muka tashi ƙarfe takwas da kwata, ni da ita da Alhaji Sale. Khumra, inda wurin aikin Abu Samir yake, tana kudu, kimanin kilomita ashirin, ba abin gani sai rumbunan ajiyar kaya da manyan motoci. A wani shinge ɗan sanda ya duba iƙamar Sale, wato takardar izinin zama, da fasfona, ya ce "halas", muka wuce.

Abu Samir dattijo ne fari sol, ya haura tamanin, idonsa ɗaya ya soma hazo. Ɗansa ne ke riƙe da wurin aikin yanzu. Tsohon ya rungume Sale yana cewa, "Ya Hajj, har yanzu miyar ganyen nan kake sha?" Sale ya ce, "Ita ta sa na fi ka haƙora." Aka kawo gahawa, na gaishe shi da Larabcina na zaure, ya ce rabonsa da jin irinsa tun huɗubar jiya.

Bisa teburi ga gidan nan ya sassaƙa shi da hannunsa, ƙarami, da ɗaki ɗaya babba, da rijiya, da itacen ɓaure a gefe. Aiki ne mai tsabta. Abrar tana ta juya kofi ta kasa soma magana, sai na ce ta yi mini tafinta.

"Faɗin ɗakin nan nawa ne?"

"Taki goma sha biyu," in ji shi, ba ko tsayawa tunani. "Daga ɗaki zuwa rijiya talatin. Ni da 'yar'uwata kullum sai mun ƙirga."

"Da me aka rufe shi?"

"Itace aka gicciya, aka sa rassa, aka zuba ƙasa."

"Akwai ginshiƙi a tsakiya?"

"Babu."

Na tambayi Abrar yadda ta mai da taki zuwa awo. Ta ce ta sa shi ya taka a nan filin, ta auna takunsa da tef. Na miƙe na taka goma sha biyu, na juyo na dube shi daga inda na tsaya.

"Malam, kai kafinta ne, ni magini. Wace itaciya ce a ƙauyenku za ta haye daga wurinka zuwa nan, ta ɗauki ƙasar rufi, babu ginshiƙi?"

Ya auna tsakaninmu da ido, ya girgiza kai. "Babu ita. Amma wallahi goma sha biyu ne, ya Hajj. Ban yi ƙarya ba."

"Ban ce ka yi ba. Shekararka nawa ranar da ka yi ƙirgar ƙarshe?"

"Shida."

Abrar ta dafe kai. "Ya Allah! Ƙafar yaro!"

Ta buɗe kwamfutarta, ta fito da hoton, ta soma rage zanen gaba ɗaya, ɗaki da rijiya da ɓaure tare, ba ta taɓa tsakaninsu ba. Da ya sauko wajen rabi da 'yan kai, ta bi gidajen ƙauyen da shi ɗaya bayan ɗaya. A na bakwai, can gefen gabas, kusurwa huɗu suka zauna a kan kusurwa huɗu. Ga ɗigon rijiya inda ya ce, ga duhun itace a hannun dama. Yarinyar mai gaskiya ce: ta ce sai an ji daga bakin 'yar'uwarsa da ke Amman kafin a ce an tabbatar, amma shaidarsa ta shiga.

Abu Samir ya sa tabarau, ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya daɗe a haka. Sa'an nan ya kira ɗansa da ƙarfi, ya ce ya zo ya ga ruɗewar tsufa. Ɗan ya zo, ya duba, ya sumbaci kan ubansa.

"Ashe ɗan mitsitsi ne," in ji tsohon, yana dariya hawaye na bin gemunsa. "Duk rayuwata ina gaya wa yaran nan fada muka bari." Ya ɗora yatsa a kan hoton, gidan duka ya ɓace a ƙarƙashinsa. "Mu tara muke kwana a nan. Ban taɓa jin ya yi mana kaɗan ba."

Ya rantse ba mu tafiya sai mun ci, aka kawo shinkafa da kaza da aka kife daga tukunya. Sai bayan la'asar muka bar Khumra.

Litinin: komowa

Jirgi ya tashi ƙarfe goma sha ɗaya na safe, na mai da agogona baya, na sauka Kano ana shirin azahar, na isa gida ƙarfe uku. Kafin in cire takalmi waya ta yi ƙara. Abrar ce: 'yar'uwar Abu Samir ta nuna gidan nan a hoto ba tare da an gaya mata wanne ba ne, ta kuma ce a faɗa wa ƙanenta goma sha ɗaya ne, shi ne ƙafarsa gajera.

Ina godiya ga Allah da Ya kai ni Ya komo da ni lafiya, da Alhaji Sale da iyalinsa bisa karamcinsu. Allah Ya mai da duk wanda aka raba da gidansa ƙofarsa, amin.