Ƙwaryar Kuve

Kakata, mahaifiyar babana, a wani ƙauye take a gindin duwatsun Michika, kuma sana'arta zanen ƙwarya. Duk hutun makaranta can ake tura mu. Da an gama tuwon yamma sai ta cusa wuƙaƙenta uku cikin garwashi, mu jikoki mu zagaye wutar muna gasa gyaɗa. Kafin wuƙa ta yi ja, tatsuniya ta kankama. Da Hausa take yi mana, don mu 'yan Mubi ba ma jin Kamwe sosai, laifin da ba ta taɓa yafe wa babana ba.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta Kuve da ƙanwarta Masi. Wata tsohuwa a bakin kogi ta ba kowacce ƙwarya guda, ta ce wadda zanenta ya fi kyau ita za ta gaji gonar duma. Masi ta kama aiki nan take. Ta ƙona nan, bai yi mata ba, ta ƙara can, ta dawo ta bi ta kai, har wuƙa ta huda gindin. Kuve kuwa kwana uku tana juya tata a cinya, ko wuta ba ta hura ba. Aka yi ta ce mata raguwa. A rana ta huɗu ta zana zabuwa da 'ya'yanta, hannunta ko gargada bai yi ba.

Na ce, "Kaka, me ta yi ta kallo har kwana uku?"

Ta kanne ido ɗaya, ta karkata kai, yadda take yi duk za ta tsokani mutum. "Zabuwa mana, Tumba! Tana ciki tun farko. Ka gani tukuna, kana ka ƙona."

Da na girma na zama mai hoto a unguwar Lokuwa ta Mubi, zamanin fim. Hoto talatin da shida ne a ƙunshi, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke. Dole na koyi gama hoto a kaina kafin in danna: inda haske zai sauka, lokacin da fuska za ta saki. Da dijital ta zo na yi murna, ba zan ɓoye ba. Sai dai a hankali yatsana ya riga idona.

Kirsimetin Kaka na ƙarshe, gwaggona ta ja ni gefe ta ce, "Ɗauke ta da kyau, ko hotonta ɗaya ba mu da shi." Na zaunar da ita a ƙofar ɗakinta, na yi ta dannawa ina duba bayan kyamara.

"Tumba," in ji ta, "ni ka zo gaisuwa ko akwati?"

Na yi dariya, na ci gaba da dannawa.

Ba ta ga damina ba. Da aka nemi hoton da za a ajiye a coci ranar jana'iza, na buɗe fiye da ɗari. Duk sun fito tas, kuma duk tsohuwa ce da ta gaji tana jira a sallame ta. Na san fuskar da nake so tun ina yaro. Da a ce na ajiye kyamarar na ja ta da hira na minti biyar, da fuskar ta zo da kanta. Abin yana ci mini rai har yau.

Na zaɓi ɗaya na wanke wa kowa, shi ne a rataye a falona. Jiya ƙaramar 'yata ta daɗe tana kallonsa, ta ce, "Baba, Kakarka mafaɗaciya ce, ko?"