Ƙarfen da Ya Ƙi Nutsewa

Har yau in na ji warin man farce, hannun Kaka nake gani, sai zuciyata ta soma tafasa. Kaka mahaifin Mama ne, masunci daga bakin kogin Kwara. An kawo shi unguwarmu ta Highbridge, a ƙasar Turawa, neman maganin ƙafa, ya zauna da mu a hawa na biyar, ina 'yar firamare.

Wani tsohon Bature maƙwabcinmu ne ya koya masa ɗaura ƙwaron ƙarya na fatsa. Ba sa jin yaren juna, amma masunta ba sa buƙatar tafinta. Duk Asabar in mun je kasuwar kaji masu rai, Kaka kan roƙi mai yanka ya bar masa gashin wuyan zakara, don shi ne mai tauri. Da hantsi sai ya zauna bakin taga, ya naɗe ƙaramar ƙugiya da baƙin zare, ya ɗaura mata jela, ya kewaya gashin a wuyanta har ya miƙe cirko-cirko. A ƙarshe ya ɗiga man farcen Mama a kan ƙullin. Ya ce mini ƙwaron kirki a kan ruwa yake tsayawa da ƙafafunsa, wanda ya nutse kuwa ko kifi ya raina shi. Tun lokacin sanyi yake tara su a wani akwati, yana jiran bazara Baturen ya kai shi rafukan bayan gari. Ni ma ya sa hannuna a kai har na iya.

Baffa yayan Baba ne, mai shagon atamfa, kuma a shekarar ciniki ya juya masa baya. Wata ranar Juma'a ya zo cin tuwo, ya rataye rigar sanyinsa a kujerar Kaka. Da zai tafi sai ga ƙwaro maƙale a hannun rigar. Ya dubi baƙin zare, ya dubi gashin zakara, ya ce ai yau ya ga abin da ya kashe masa kasuwa, sammu aka yi masa.

Kaka bai ɗaga murya ba. Ya sa na kawo ruwa a kwanon sha, ya ɗora ƙwaron a hankali don a ga aikinsa. Ƙwaron ya tsaya cak a kan ruwan, ko jiƙewa bai yi ba. Ban taɓa ganin Kaka ya ɗaura wanda ya kai shi kyau ba.

Baffa ya ja da baya ya ce, "To kun gani da idonku. Ƙarfe ne wannan. A ina ƙarfe ya taɓa zama a kan ruwa in ba da asiri ba?"

Baba ya sunkuyar da kai, ba ya iya musa wa yayansa. Mama na kuka a kicin. Baffa ya kwashe akwatin gaba ɗaya ya zuba a bututun zubar da shara na benen, kafin la'asar kuma labari ya kai masallaci. Mutanen da ke durƙusa wa Kaka suka koma sauya hanya. Shi da bakinsa ya ce a saya masa tikitin komawa gida, ba zai zauna inda ake tsoron cin abinci da shi ba. Bai ga bazarar ba, bai jefa ko ɗaya a ruwa ba, kuma a can gida ya rasu.

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Ni dai na dafa nawa, amma ba don in yafe ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Yanzu Baffa ya tsufa, yana unguwar Soundview wajen babban ɗansa, daga gado sai kujera. Jikokinsa a nan aka haife su. Ka yi musu Hausa su amsa da Turanci, kalmar sammu kuwa ko a mafarki ba su taɓa jin ta ba. Duk Sallah nakan je gaisuwa da ƙugiyoyi da zare da gashin zakara, in zaunar da su a tsakiyar falo in koya musu. Ƙaramar ta fi kowa hannu. Bara ta ɗaura nata, ta ruga da murna ta ɗora a kofin ruwan Baffa ta ce ya duba, bai nutse ba. Na ji shi yana ta neman tsari.

Ya ɗago ya ce da ni, "Ke, ba kya mantuwa ne?"

Na gyara durƙusona, na nuna jikar tasa na ce, "Baffa, ai ga mai asirin nan a gabanka. A saya mata tikiti?"