Tarin Kuza

Duk wanda ya zauna a Rikkos a shekarun nan ya san Malam Gwadabe mai kabeji. Ko bai san fuskarsa ba, ya san tarinsa, don tun daga bakin layi tarin yake yi masa sallama. A barikin Naraguta aka haife shi. Ya tashi yana shiga loto, wato ramin ma'adinai, yana haƙo kuza, har harkar ta mutu ta bar musu tafkuna. Sai ya kafa lambu a bakin ɗaya daga cikinsu, yana kai kabeji da karas kasuwar Farar Gada. Mutumin kirki ne, amma fa taurin kai, wallahi sai ka ji kamar ka kama shi ka girgiza.

Abu guda yake taƙama da shi. Tun da aka yaye autansa Musaddiq, tasa ɗaya suke ci, wata tsohuwar tasa mai lanƙwasasshen baki. Uba a nan, ɗa a can, uban yana tura nama gefen yaron kamar bai lura ba. Har Musaddiq ya fara gemu ba su daina ba.

A shekarar 2006 Musaddiq ya sami tallafin karatun haɗa magunguna a ƙasar waje. Suna cikin cin tuwo yake lissafa wa babansa abin da ofishin jakadanci ke nema kafin a ba da biza: fasfo, takardar jami'a, katin rigakafin shawara.

"Sai kuma hoton ƙirji, Baba. In suka ga alamar tarin tibi, shi ke nan, babu biza."

Hannun Gwadabe ya tsaya a cikin tasa. Bai ƙara loma ba.

Washegari ya ce wa matarsa Safara'u ta ware masa kwano da kofi da buta, ya kwashe shimfiɗarsa ya koma ɗakin zaure.

"Malam, in tarin ne yake damunka, mu je asibiti mana," in ji ta.

"In je a rubuta sunana? Turawan nan su danna kwamfuta su ga uban yaro yana da tibi? Kuma ke kin san Musaddiq. Ya ji ba ni da lafiya, ba inda za shi. Kada ki kuskura ya sani."

Ko Datong, abokinsa na Anguwan Rukuba da suka yi loto tare, sai da ya yi masa magana a lambu. "Haba Gwadabe! Wannan tari na rami ne, ni ma ina da shi. Yarana duka suna ci da ni, ba wanda ya kama."

"Yaushe ka zama likita, Datong?" Nan maganar ta mutu.

Musaddiq kuwa ya ɗauka fushi ake yi da shi. Wata rana da la'asar ya durƙusa a ƙofar zaure ya ce, "Baba, in tafiyar ce ba ka so, in haƙura."

"Wa ya ce maka? Ka girma, ka ci naka. Matsa can, kana tare mini iska."

Yaron ya tashi ya koma cikin gida. Gwadabe ya bi shi da ido, zuciyarsa tana ƙuna.

Hoton ƙirjin yaron ya fito tas. Musaddiq ya je Abuja aka yi masa tambayoyi, bayan makonni biza ta fito. Da kansa ya ɗauko tsohuwar tasar cike da tuwo ya kai zaure, yana murmushi. Ka ce an gama ke nan? Ina! Wani direba ya riga ya gaya wa Gwadabe cewa a filin jirgin can ma suna sake dubawa. Don haka ya ce wa Musaddiq shi ya ƙoshi.

Ranar tafiya, a tashar mota, Musaddiq ya rusuna ya miƙo hannu biyu. Uban ya ja baya, hankici a bakinsa, ɗaya hannun a aljihu. Daga nan ya sa masa albarka. Albarka mai tsawo ce, har kwandasta ya fara buga jikin mota, amma hannun bai fito daga aljihu ba.

Sai da Musaddiq ya bugo waya ya ce ya sauka lafiya, an bar shi ya shiga, sannan Safara'u ta ja mijinta asibiti. Aka ɗauki hoto, aka gwada majina. Likitar ta ɗaga hoton ta duba, ta ce, "Baba, ka yi aikin kuza ne?"

"Na yi."

"Ƙurar dutse ce ta zauna maka a huhu. Ba tibi ba ne. Ba ya warkewa, amma ba ya kama kowa."

Gwadabe ya ce, "'Yata, ko da mutum tasa ɗaya muke ci?"

"Ko cokali ɗaya ne, Baba."

Ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari. A hanya Safara'u ta so ta yi masa gori, ta kalli fuskarsa ta fasa. Karatun Musaddiq na shekara biyar ne, kuma Gwadabe da kansa ya san yadda numfashinsa yake yi in ya hau tudun lambu.

Bayan magariba ta kawo masa tuwo a ƙaramin kwanon nan. Ya ce ta mayar, ta zubo a tsohuwar tasa. Ta zubo, ta koma ciki.

Da ta dawo ɗauka, ta tarar ya ci nasa gefen. Rabin tuwon yana nan ba a taɓa ba, an tura tsokar naman can ɗaya gefen.