Nonon da Ba Wanda Ya Sha

Shekara biyar da aurenmu, ina koyarwa a wata firamare a Kafanchan, al'adata ta ɗauke. Wata ɗaya, wata biyu, shiru. A na uku, ina wanka da safe sai na ga ruwan nono yana ɗigowa. Na zauna a kan bokiti na yi ta dariya ni kaɗai.

Mijina ya ce mu fara zuwa asibiti. Ban saurare shi ba. Ranar Asabar na hau mashin zuwa Madakiya na faɗa wa uwarsa. Na same ta tana bakacen acca, ta yar da faifan ta rangaɗa guɗa. Kashegari a sujadar coci ta miƙe ta ba da shaida a gaban ikilisiya, ta kai kwandon citta baikon godiya.

Bayan sati biyu muka je awo. Likitar mace ce, ta daɗe tana duban hoton cikin.

"Malama, babu ciki."

"To nonon fa, likita?"

Ta tura ni gwajin jini. Da sakamako ya fito ta yi mini bayani a hankali. Akwai wani ɗan ƙullutu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa mai fitar da sinadarin da ke kawo nono. Nawa yana fitarwa fiye da kima, sai jikina ya ɗauka shayarwa nake yi, ya daina sakin ƙwai.

Ni na koma Madakiya da labarin. Da tsohuwar ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Hannuna kawai ta riƙe ta ce, "Ni na yi gaggawa, 'yata, ba ke ba." Ta yi wata guda ba ta leƙa taron zumuntar matan coci ba, don kada a tambaye ta lafiyar mai ciki.

Aka ɗora ni a kan magani. Yana sa ni jiri, har sai na dafa allo ina koyar da lissafi. Nonon ya ƙafe, al'ada ta dawo, likita ta ce yanzu akwai fata. Shekara uku muka yi a kan wannan fata, kowane wata da kukansa.

Ina da shekara talatin da bakwai jinin ya sake ɗaukewa. Wannan karon ban faɗa wa kowa ba. Zafi ne yake taso mini daga ƙirji, gumi ya jiƙa rigata ko ana ruwan sama. Daga baya muka koma asibiti da mijina, aka sake gwaji. Likita ta ce wannan wata matsalar ce daban, ƙwayayen ne suka ƙare tun lokacinsu bai yi ba, kuma babu maganin da zai dawo da su.

Mijina ya yi mata godiya, ya ɗauko ni a mashin. Mun wuce layin dogo sai ya tsaya a gindin wani mangwaro, ya kife kansa a kan mashin ɗin. Kafaɗunsa suna rawa. Duk shekarun nan shi ke lallashina, ban taɓa ganin hawayensa ba.

"Yi haƙuri," na ce. "Jikina ne."

"Kada ki ƙara faɗin haka," ya ce, bai ɗago ba.

Har yau muna tare, mu biyu, a gida mai ɗaki uku. Ina zuwa bikin suna, ina kai sabulu, ina ɗaukar jariri in yi masa addu'a. Amma ba na iya zama har a yi rabon abinci.